Dikko ya bar mini muryarsa a hanyar Gwandu

Ina cikin buɗe ƙofar shago da safen nan waya ta buga. Ƙanen Dikko ne. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Tela, sai haƙuri. Dikko ya cika da asuba."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wai zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ban ma san yana kwance ba, don ya hana a gaya mini, ya ce kada in ɗauko hanya ni kaɗai.

Masu bibiyata a nan kun san shi ko ba ku san sunansa ba. Shi ne dogon nan da ke gabana a duk hotunan tafiyarmu ta keke, wanda bayansa kawai kuke gani. Ma'aikacin allurar dabbobi ne, gidansu na wani ƙauye bayan Maruda. Ni kuwa tela ne a Kalgo, kuma da Tela yake kira na tun ranar da muka haɗu.

Kusa da Dangoma ne. Tayata ta sace, ina tsaye ina harare-harare kamar ita za ta gyara kanta. Ya tsaya, ya yi mini faci, ya buga iska da famfonsa, sai da ya gama ya tambayi sunana. Na faɗa masa. Ya dubi zaren da ya maƙale a rigata ya ce ba ya buƙatar sunan.

Tun daga nan, in aiki ya yi sauƙi, sai mu ɗauki hanya tsakanin Kalgo da Gwandu. Ba ta kwalta ba. Ta burtali, ta gefen fadama, ta tsakanin gonakin albasa, inda da sassafe raɓa kan kwanta a kan shinkafa har ka rasa inda ƙasa ta ƙare sama ta fara. Balbelu su tashi gaba ɗaya, mu wuce ta ƙarƙashinsu.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa shiryawa a kansa ba.

Dikko na da wata 'yar na'ura da yake ɗaurawa a kan keke, ba ta kai tafin hannu ba. Tana nuna hanya da kibiya, in an zo kwana ta yi tsit-tsit. Ni na sa mata suna gyare. Ni kuwa wayata nake ɗaurawa, taswira na yi mini magana da muryar wata mata mai Turanci a hanci. Shi ya sa mata suna Baturiya.

In na ce gyarensa bebe ne, sai ya ce, "Amma ba ya suma in rana ta take." Gaskiyarsa kuma. Wayar kan yi zafi kamar an sauke ta daga tanda, sikirin ya dushe, caji ya zube tun ba mu ci rabin hanya ba. Gyare kuwa sai mu je mu dawo yana nan da ransa.

Wata damina Baturiya ta kai mu bakin fadamar da ruwa ya shanye, ta ce mu ci gaba kai tsaye. Dikko ya sauka, ya cire hula, ya rusuna wa wayata. "Ranki shi daɗe, ki wuce gaba, muna biye."

Na yi fushi ranar, don ni ba na son a yi mini dariya ina jiƙe. Sai da ya saya mini rogo da ƙuli na huce.

Amma babban ƙorafinsa ba caji ba ne. Cewa yake Baturiya ba ta da ladabi. Ba ta san inda ake rage gudu a yi wa manoma barka da aiki ba. Ba ta san in garke na ƙetare burtali tsayawa ake yi ba. Ba ta san akwai maƙabarta a bakin ƙauyensu ba, inda Dikko bai taɓa wucewa a kan keke ba. Sauka yake yi, ni ma in sauka, mu yi wa mamata sallama, mu tura kekunan a ƙasa har sai mun wuce katangar ƙaya.

Sai idona ya fara hazo. Ɗinki ya ci rabonsa. Ina ganin hanya, ina ganin mutum da saniya da itace, amma ƙaramin rubutu da kibiyar gyare sun fi ƙarfina, kuma in hanya ta rabu biyu a daji duk iri ɗaya nake ganin su.

Maiɗakina Hajara ta kafa doka. Cikin gari in hau keke, ba ta hana ba. Amma daji, in ba da Dikko ba, ba inda za ni. Kuma ba da wasa take ba, don sarƙa ta sa wa keken ta riƙe makullin.

Wanda bai san daɗin tafiyar nan ba zai ce ai keke ne kawai. Ni a wurina shi ne abin da ya rage mini na faɗin duniya. In na rasa shi, tsakanin gida da shago zan ƙare.

Dikko bai taɓa ce mini sannu da ido ba. Kawai sai ya fara surutu a hanya, shi da da can sai mu yi tafiya mai nisa bai buɗe baki ba. "Yashi gaba, Tela, sauke giya." "Hagu wajen giginya." "Waɗanga mata na ɗauke da itace, ba su hanya." Yana kallon gyarensa, yana mayar mini da tsit-tsit ɗin magana. Na daɗe ban gane da gangan yake yi ba.

Ganinmu na ƙarshe bayan an yanke shinkafa ne. Ya zo Kalgo ya wuni, ya ci tuwon Hajara har da ƙari. Da muka idar da la'asar ya ce in ba shi wayata. Ya zauna a bencin shago yana latse-latse, ya sa mini wata manhaja.

Ashe duk yawon allurar da yake yi cikin rugage, yana bin hanyarmu yana tsayawa yana naɗar muryarsa. Manhajar tana liƙa kowace magana a daidai wurin da aka yi ta a kan taswira. Ba za ta fito ba sai wayar ta isa wurin.

Na ce, "To kai da ke zagin waya?"

Ya ce, "Ba waya nika zagi ba, mai maganar cikinta ce ban yarda da ita ba. Yanzu na kore ta, na shiga."

Na ce ya kunna mini in ji. Ya ƙi. "Sai ka tahi za ka ji. Kuma kunne guda za ka sa iyafis, guda ka bar ma duniya, don ka ji mota, ka ji gaisuwa."

Guda ɗaya muka gwada, a bakin gari inda kwalta ta ƙare. Muna isa sai ga muryarsa a kunnena, shi kuma yana tsaye a gefena yana danne dariya: "Tela, ka yi bisimilla? To sauka ka duba birki, na san ba ka duba ba."

Wallahi ban duba ba.

Da muka koma gida Hajara ta saurare shi har ya gama bayani, sannan ta ce, "Malam Dikko, ni mutum na ba amanar mijina, ban ba inji ba." Ya yi murmushi ya ce, "Ki bari dai. Wata rana aiki na iya riƙe ni." Makulli ya ci gaba da zama a hannunta.

Yau da na shiga bas zuwa jana'iza na kunna manhajar, na sa iyafis. Ban san me nake nema ba. Motar kwalta ta bi, hanyarmu kuwa tana can nesa cikin gonaki. Ina kallon giginyu suna wucewa ta taga, ina jin kamar yana tsaye a gindin kowace ɗaya yana jira. Shiru har Gwandu. Shiru a kan babur ɗin kabu-kabun da ya ƙarasa da ni ƙauyen.

Na iske an gama shirya shi. Muka yi salla, aka ɗauki makara, muka bi a ƙasa. Ni na ma manta da abin a kunnena, hula ta rufe shi.

Muna isa katangar ƙaya sai na ji shi, dab da ni, har da numfashinsa na wanda ya sha tafiya da kukan kurciya a bayansa.

"Tela, sauka. Nan ba a wuce su bisa keke. Yi musu sallama, su ma sun bi hanyar ga kamin mu. In ka ƙare ka turo har gindin tsamiya, gida na hannun dama. Ka iso ke nan. Ina nan ina jiran ka."

Na tsaya a wurin. Mutane suna ratsa ni suna wucewa da shi a kafaɗa.

Na yi musu sallama kamar yadda ya ce. Yau har da shi a cikinsu.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Kukan da ban yi da safe ba, a nan ya zo.

Bayan an rufe shi ƙanensa ya kira ni gefe ya miƙo mini gyare. Ya ce hanyar na ciki, kuma ko ban ga kibiya ba, in na kauce zai yi kuka. Na karɓa. Shekara da shekaru ina yi wa abin nan ba'a, yau ga shi a aljihun gaban rigata.

Da na dawo na ba Hajara labari. Ta saurare ni har na gama. Can ta ce, "Maganarsa ta farko kun ji tare, ta ƙarshe ka ji yau. Sauran fa?"

Na ce suna can a hanya, kowace a inda ya ajiye ta. A bakin rijiya, a mararraba, a gefen fadama. Ba mai jin su sai wanda ya taka ya je.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito sai ta ajiye mini makullin sarƙar a kan tabarma.

"In an share makoki ka tafi, Malam. Ka fita da sassafe, ka ɗauki abin caji, duk ƙauyen da ka isa ka kira ni. Bawan Allah ya tsaya cikin rana ya yi maka magana, ba za a bar ta a daji ba."

Don haka zan tafi, in Allah ya so. A hankali. Ba zan yi sauri ba, don ba na son ta ƙare da wuri.

Ya Allah, Dikko ya zame wa mai raunin gani ido bai taɓa goranta masa ba. Ka haskaka masa kabarinsa, Ka yalwata masa shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya. Ka yafe masa kurakuransa, Ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka rufa musu asiri a bayansa.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce a guje. Ya ɗan tsaya ya yi wa Dikko addu'a.

Mutanen Dangoma da Maruda da na rugagen tsakani, in kun ga wani mai furfura a kan keke yana tafe shi kaɗai yana amsa magana, ba taɓuwa ya yi ba. Ni ne. Ku yi mini sallama da ƙarfi, kunne ɗaya na bar muku.