Rabin bakan da Buba ya dawo da shi

Shekara bakwai ke nan da aka ɗauko mana gawar yayana, Idi Mai Baka, a bayan babur daga dajin Kamuku. Har yau in na ji saran gizago a wani gida sai gabana ya faɗi. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, don haka masu karatu ku yi haƙuri da ni.

Yaya manomi ne a Kakangi, amma da baka aka san shi. Nasa ba sanda ɗaya ba ce kamar na sauran maharba. Gida biyu yake yin sa, rabin sama da rabin ƙasa, ƙahon bijimi ya haɗa su a tsakiya. In maharbi ya fito daga daji zai shiga gari, sai ya cire tsirkiya, ya zare bakan biyu, ya zura a burgami, jakarsa ta fata. Yaya bai yarda makami ya shiga kasuwa a ɗane ba. Ni tela ne, ko ɓera ban taɓa harba ba, nakan tsokane shi in ce yana kashe shekara guda a kan sanda, ni kuwa kafin la'asar na gama riga. Sai ya ce ai shi ya sa rigunana ba sa ganin salla biyu.

Shekarar kuwa ba ƙari na yi ba. Da rani yake shiga daji ya saro itacen dargaza, reshe ɗaya miƙaƙƙe, don dole rabin biyu su fito daga jiki ɗaya. Ya ɓare ɓawon, ya rataye su a saman murhu su sha hayaƙi har damina ta wuce. Sannan ya zauna da gizago da wuƙa yana kankarewa kaɗan-kaɗan, yana lanƙwasawa a gwiwa, yana dubawa da ido ɗaya. Abin da ya fi ƙi shi ne a raba musu wurin kwana. Ya ce in ɗaya ya sha hayaƙi ɗayan ya sha raɓa, ba za su ƙara zama da juna ba, kuma wuƙa ba ta gyara wannan. Sai dai a rataye su wuri ɗaya a jira.

Mutum ɗaya yake yarda ya tafi da rabin baka, shi ma na 'yan kwanaki. Buba ke nan, Bafillacen da rugarsu take bayan gonarmu tun zamanin iyayenmu, shanunsa ke takin gonar bayan girbi. In aiki ya kusa ƙarewa, Yaya ya miƙa masa rabin ƙasa ya zaga rugage da wajen mahauta, ya samo ƙahon da ya yi daidai, ya rarake shi ya kafa. Tare suke shiga daji, tare suke cin tuwo, tare suke musun da ba ya ƙarewa a kan shanu da dawa.

Ranar da Yaya ya tafi, rabin wani baka yana hannun Buba. A lokacin 'yan bindiga sun riga sun cika dajin. Mun hana shi tafiya, matarsa har kuka ta yi. Ya ce rani yana wucewa, in bai saro na baɗi yanzu ba, baɗi zaman banza zai yi. Masu neman itace ne suka tsince shi a gindin dargazarsa, gatari a gefe, harbi a ƙirji.

Ba a tashi daga zaman makoki ba magana ta fara yawo: wa ya san wurin nan in ba Buba ba? Buba kuma bai zo gaisuwa ba. Ni na ce tsoro ne ya hana shi, aka ce in koma kan keken ɗinkina. Samari suka cinna wa rugar wuta, Buba ya tsere da iyalinsa da abin da ya rage na shanu. Garba, babban ɗan Yaya, ya shiga 'yan sa-kai, ya rantse a gaban uwarsa duk ranar da ya haɗa ido da Buba sai ya kashe shi. Wannan rantsuwa ta fi komai hana ni barci, don na san yaron ba ya magana biyu.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga garin nan yau. Shi da yake zare baka kafin ya shiga kasuwa, yanzu da bindiga a kafaɗa ake zuwa masallaci. Gonarmu ta zama kurmi, mun tattaro mun dawo cikin Birnin Gwari muna haya. Maharban da suke layi a ƙofarsa sun koma bindiga ƙirar gida. Ina jin ba zagi zai yi ba. Kai kawai zai girgiza, kamar yadda yake yi in ya ga an sari itace ɗanye an yar.

Bara da bazara, da abin ya ɗan lafa kasuwar shanu ta sake ci, wata safiya aka yi sallama a ƙofarmu. Na fito na ga wani tsoho ya rame kamar kara, sai da ya kira sunana na gane Buba ne. Garba yana zaure, bindigarsa a jingine da bango.

Buba bai dube ni ba. Ya durƙusa ya kwance wani tsumma, ya fito da rabin bakan, ƙaho a kafe, ya sha mai yana ƙyalli.

"Garba, ga aikin babanka," ya ce. "Na samu ƙahon tun a wancan mako. Hanyar kawowa ce ban samu ba."

Garba ya dubi bakan. Ya miƙe, na tare tsakaninsa da bangon, ya wuce ni ya shiga cikin gida. Sai ga shi da rabin sama, wanda uwarsa ta rataye a madafa tun rasuwar. Ya zura shi a ƙahon. Ya shiga, amma ya ƙi zama. Namu ya bushe ya tsuke, na Buba ya sha damina shida a daji ya kumbura ya karkace. Na ce ko a ɗan kankare. Garba ya harare ni irin hararar ubansa.

"Baba Audu, ba a sa masa wuƙa," ya ce. Ya juya wajen Buba. "Baffa, zan rataye su tare. Ka dawo bayan damina ka ga an ɗana shi."

Buba ya fashe da kuka, ni ma na yi. Ya sha ruwa, ya ƙi tsayawa cin abinci, ya ce yana so ya kai masauki da rana.

Bai kai ba. A hanya aka tare shi aka kashe shi. Wasu sun ce 'yan bindiga ne, don sun ji ya shiga gari. Wasu sun ce namu ne, don sun ga Bafillace shi kaɗai. Ban sani ba, kuma na gaji da tambaya.

To me ya rage na Yaya Idi? Gonarsa ta tafi, sana'arsa ba mai nema, dargazarsa tana inda ba mai iya zuwa. Abin da na gani da idona shi ne ɗansa ya tsallake bindiga ya ɗauko rabin baka, saboda abin da ya ga ubansa yana yi a bakin murhu. Wannan bai ceci Buba ba, amma ya ceci Garba daga jininsa, kuma ina gode wa Allah.

Watan jiya Garba ya sauko da su daga madafa. Ya zura, suka zauna daram, ko motsi babu. Na ce ya sa tsirkiya mana. Ya ce ai ya yi wa Baffa alkawari sai ya zo. Ya zare su, ya mayar ya rataye.

Allah ya ji ƙan Yaya Idi, ya ji ƙan Buba, ya haɗa su a makwanci ɗaya.