Rafi'u Sanƙira da Gasar Muhawara

Rafi'u kafinta ne a Anloga, unguwar masu katako, amma idan ka shiga Zongon Kumasi kana cigiyar Rafi'u kafinta, kallonka kawai za a yi. Ka ce Rafi'u sanƙira, ko mai sayar da koko a bakin layi za ta nuna maka gidan da ludayinta. Ranakun aiki yana ƙera benci da ƙofa da teburin makaranta, kuma ba laifi, bencinsa ba ya rawa. Asabar da Lahadi kuwa sai ya wanke garin katako daga kansa, ya zura babbar riga, ya karɓi makirufo a wajen suna ko ɗaurin aure, ya kama aikin da yake ganin dominsa aka halicce shi, wato gaishe da manya.

Kada kowa ya raina wannan aiki. Zongo wuri ne na tarin jama'a. Ga Hausawan da kakanninsu suka zo fataucin goro suka zauna, ga Mosawa, ga Dagombawa, ga Zabarmawa, kowa da dattijonsa, kowane dattijo kuma da gurbinsa. Ga kuma liman da na'ibi, ga shugaban mahauta, ga na direbobi, ga magajiyar mata. Sai an kira kowa da sunansa da na mahaifinsa, a kan tsari, kafin a ce ga abin da ya tara mutane. An taɓa yin wani sanƙira da ya sa mahauta a gaban 'yan goro. Ran nan 'yan goro ba su taɓa shinkafar biki ba. Zama suka yi suna kallonta har ta huce, sannan suka sa aka juye musu a leda suka tafi da ita gida.

Irin wannan bai taɓa faruwa a hannun Rafi'u ba. Shi ya sa manya suka sakar masa ragama gaba ɗaya. Shi ke zaunar da su, shi ke tashinsu. Idan suka ga ya miƙe ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ba sa tambaya, sun san ko dai abinci ya sauka ko lokacin salla ya yi, sai su laluba takalma su bi bayansa. Abin da ya tsana a duniya kuwa shi ne 'yar jimlar nan ta Turanci da 'yan boko ke yi a taro, wai sun gaishe da kowa a dunƙule. Yakan ce wannan watsa wa kaji tsaba ne, kuma dattijo ba kaza ba ne.

Matarsa Rakiatu, mai sayar da wake da shinkafa a Ashanti New Town, ta daɗe da haƙura da shi. Takan ce idan Rafi'u ya fara gaisuwa ta ɗora wake, kafin ya kai kan magajiya ta sauke. 'Yarsu Huda kuwa a cikin wannan ta tashi. Ta haddace jerin manyan unguwa tun kafin ta haddace lissafin sau, kuma uban ya fi alfahari da na farkon. Ita kaɗai ce a gidan ta kai kwaleji, wata makarantar horon malamai da ke can gaba da Kwadaso.

A shekararta ta biyu aka shirya gasar muhawara tsakanin gidajen kwanan ɗalibai, Huda ta yi ta kayar da mutane har ta kai zagayen ƙarshe. Da ta zo gida ta zayyana musu kyaututtukan. Na ɗaya zai sami kwamfuta, kuma shi za a tura Accra ya wakilci kwalejin. Na biyu ƙamus. Na uku dutsen guga. Rakiatu ta ce ita dai da za a bi ta tata, na ukun ya fi amfani. Huda ba ta yi dariya ba. Accra take so, so kuwa na gaske, don ta yi watanni tana magana ita kaɗai a bayan gida har maƙwabta sun fara yi wa uwarta jaje a fakaice.

Ta roƙi uban abu guda. Ta ce tana so ya zo ya ji ta, amma don Allah ya zo shi kaɗai. Rafi'u ya ce to. A fahimtarsa, shi kaɗai na nufin ban da makaɗa.

Yaya za a yi 'yar unguwa ta tsaya gaban jama'a manya ba su sani ba? Gobe su ji a bakin wasu, da wane ido zai kalle su? Ya bi su gida gida. Ranar gasa ya ɗauko shatar trotro guda, wato ƙaramar bas ta haya, ya cika ta da liman da na'ibi da Alhaji Iliasu shugaban 'yan goro da dattijon Mosawa da na Dagombawa da sauransu, kowa ya sha rawani da turare. Masu tsaron ƙofar kwaleji da suka ga wannan ayari sai suka ɗauka manyan baƙi ne na shugaban makaranta, suka kai su layin gaba, suka tashi malamai biyu.

Rafi'u na tsaka da gyara wa kowa mazauni wata malama ta hau mumbari tana karanta dokoki. Turancinsa na kasuwar katako ne, amma ya ishe shi. Kowane mai magana minti biyar gare shi. Idan lokaci ya kusa, mai agogo zai ɗaga jan kati, idan ya cika a buga ƙararrawa. Duk wanda ya sa baki daga cikin masu kallo, za a rage wa ɗan takarar da ya goya wa baya maki. Wanda kuma ya fita ana cikin magana, ƙofa ba za ta sake buɗe masa ba sai an sanar da sakamako. Rafi'u ya gyaɗa kai, dokokin sun yi masa daidai. Minti biyar na magana ai ya isa. Ko kusa bai kawo a ransa cewa akwai inda ake lissafa gaisuwa a cikin magana ba, don a Zongo gaisuwa daban, magana daban.

Batun muhawarar shi ne tsakanin tarbiyyar gida da karatun makaranta, wanne ya fi gina mutum. Wani dogon saurayi ya fara, yana kare makaranta. Ya gaishe da alƙalai da numfashi ɗaya, abin da ya sa Rafi'u ya yi tsaki a ciki, sannan ya shiga zuba. Yana tsakiyar wata kalma ƙararrawa ta kaɗa, aka kashe masa makirufo, ya koma ya zauna da sauran kalmar a bakinsa. Alhaji Iliasu ya sunkuyo ya tambayi Rafi'u ko yaron laifi ya yi. Rafi'u ya ce a'a, haka tsarinsu yake.

Sai aka kira Huda.

Ta fito da farin mayafi, ta dafa mumbari, ta ɗaga kai. Nan ta ga layin gaba. Rafi'u ya ga lokacin da idonta ya bi rawunan ɗaya bayan ɗaya har ya sauka a kansa. Ya yi mata murmushin ƙarfafa gwiwa. Ta yi sallama, ta gaishe da alƙalai, sannan ta juya ga liman, ta kira sunansa da na mahaifinsa, da Hausa, cikin muryar da uban ya san tasa ce. Liman ya ɗaga hannu ya amsa. Ta wuce kan na'ibi.

Daɗi ya kama Rafi'u har ya ji idonsa ya yi ɗumi. Ya waiwaya don ya ga yadda 'yan boko ke karɓar darasi, sai idonsa ya faɗa kan mai agogo. Wata siririyar ɗaliba ce mai tabarau, ta ɗora waya a tebur, lambobi na gudu a fuskar wayar. Ba jira take a gama gaisuwa ba. Tun daga sallama ta danna.

Babu wanda ya kai Rafi'u sanin tsawon wannan jeri. Ya san kafin Huda ta kai kan dattijon Dagombawa jan kati zai tashi, kafin ta kai magajiya an kashe makirufo. Ya kuma san ba za ta tsallake kowa ba muddin yana zaune yana kallonta, don shi ya koya mata cewa tsallake dattijo cin mutunci ne. Ita ma ta san abin da agogon ke yi, muryarta ta nuna, amma ta ci gaba. Tsoro ya kama shi, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Ya buɗe baki zai ce mata ta bari, ya tuna za a rage mata maki, ya rufe.

Tana kan Alhaji Iliasu Rafi'u ya miƙe, ya naɗe hannun riga a kafaɗa.

Manya ba su tambaya ba. Liman ya laluba takalmi, na'ibi ya ɗauko masa sanda, layin gaba ya tashi gaba ɗaya ya bi bayan Rafi'u cikin natsuwa. Alhaji Iliasu ne kawai ya ɗan yi turjiya, don sunan mahaifinsa ake tsakiyar faɗa, amma da ya ga an bar shi shi kaɗai sai ya bi sahu. Rafi'u bai waiwaya ba. Ya ji muryar Huda ta tsaya, ya ji ta ja numfashi, ya ji ta koma Turanci da ƙarfi, sai mai gadi ya rufe ƙofa a bayansu.

A waje babu abinci, kuma da sauran lokaci kafin azahar. Akwai dai wata bishiyar mangwaro da benci biyu, ɗaya na rawa. Manya suka tsaya suna duban Rafi'u. Dattijon Mosawa, wanda shi ne na gaba a jeri, ransa ya fi na kowa ɓaci.

"Rafi'u, yarinya ya iya gaisuwa sosai paa," in ji shi. "Saura kaɗan ya zo kaina, kai ka tashe mu. Mun yi maka mene?"

Rafi'u ya ce ba su yi masa komai ba, laifin nasa ne, kuma gaisuwar da aka katse shi zai biya. Ya tsaya a rana ba makirufo, ya ɗauko jerin tun daga liman, ya bi shi a hankali, yana ƙara wa kowa kirarin kakanni don ya ja lokaci. Bai taɓa yin gaisuwa mai kyau kamar ta ran nan ba, kuma bai taɓa yin wadda hankalinsa ba ya kanta kamar ita ba. Kunnensa na jikin bango. Ya ji zauren ya yi tsit, ya ji an yi wata 'yar hayaniya kamar mutane na juyawa a kujeru, can kuma ya ji ƙararrawa da tafi mai tsawo. Ko kalma ɗaya ta 'yarsa bai ji ba.

Da aka buɗe ƙofa ɗalibai suka fito suna ihu, Huda a tsakiyarsu rungume da kwali. Ta zame daga cikinsu ta zo gindin mangwaro, ta durƙusa, ta ɗauko gaisuwa daga kan Alhaji Iliasu inda aka tsaya, ta kai ta har ƙarshe. Dattijon Mosawa ya huce, ya sa mata albarka, ya tambaya ko a cikin kwalin abincin yake. Ta ce a'a, kwamfuta ce, kuma ita za ta Accra.

Sai da manya suka shiga mota Rafi'u ya ja ta gefe. Ya so ya ba ta haƙuri, bakin da ya saba da taro ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya tambaye ta me ta faɗa musu a ciki.

"Na ce musu duk abin da suka ji a bakina yau a gida na koya," in ji Huda. "Na ce wanda ya koya mini tsayawa gaban mutane kafinta ne a Anloga. Na faɗi sunanka, Baba, da na mahaifinka. Kowa ya juya yana nemanka."

 Rafi'u ya kira sunayen mutane a taro tun yana saurayi, na masu rai da na matattu, amma shi ba a taɓa kiran nasa ba, don sanƙira ba ya cikin jeri. Abin ya yi masa daɗi, ya kuma yi masa ciwo, har ya kasa raba su.

"A wane gurbi kika sa ni?" ya tambaya.

"Kai kaɗai ne, Baba. Babu kowa gabanka, babu kowa bayanka."

Direba ya danna hon. Rafi'u ya goge fuska da hannun riga, ya karɓi kwalin daga hannunta, ya je ya tabbatar liman ne a kujerar gaba.