Sallama ta Huɗu

Na sayi samma'ar nan a kasuwar Managil, a shekara ta biyu da daina magana tsakanina da Yayana. Samma'a muke ce wa abin sauraren da ake cusawa a kunne a jona da waya. Ba son waƙa ya sa na saya ba, ni da ko rediyo ban cika kunnawa ba. Na saya ne don in daina jin motsin gidansa.

Abin da ya haɗa mu ruwa ne. Da Baba ya rasu ya bar mana hawasha ɗaya, wato gonar ban ruwa irin ta Jazira, muka raba ta biyu, amma ƙaramar hanyar ruwan da ke shiga cikinta guda ɗaya ce. Idan aka sako ruwa daga tur'a, wato babbar hanyar ruwa, kwana kaza nasa, kwana kaza nawa. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, alkamarsa ta fara yaushi, sai ya toshe bakin nawa ranar da take tawa ya juya ruwan wajensa, bai ko gaya mini ba. Na zo da hantsi na tarar da ƙasata a bushe. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, kowa a ƙauyenmu ya sani. A gaban manoma wajen goma na ce masa daga yau ba ni da wa, kuma kada ƙafarsa ta sake taka inda nake kwana. Ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

Cikin mako guda na kwaɓa ƙasa na ja katanga a tsakiyar gidan Baba, da hannuna, ina yi ina huci. Dattawa sun zo sun yi magana har sun gaji. Da azumi ya zo, lokacin da maza ke fito da tirensu bakin titi a sha ruwa tare, ni sai in ɗauki nawa in tafi tabarmar can ƙarshen layi. A masallaci in ya tsaya dama, ni hagu.

Abin da ban yi tunani ba shi ne katanga ido kawai take tarewa. Matata ta riga mu gidan gaskiya tun kafin wannan rigima, 'yarmu ɗaya kuma tana aure a Hasahisa, don haka ɓangarena babu mai motsi sai ni da kaji uku. Ɓangarensa kuwa cike yake. Da safe ina jin matarsa tana dakan gahawa, ƙwas ƙwas ƙwas, har ƙanshin citta ya tsallako. Ina jin ana kankare kaskon kisra, wainar dawarmu mai faɗi. Ina jin jikokinsa suna faɗa da Larabci, shi kuma yana tsawata musu da Hausa, suna dariyar Hausar tasa. Mafi ciwo duka tarinsa, domin irin na Baba ne sak, gajere sau biyu sannan gyaran murya. Duk sanda na ji sai wani abu ya tokare mini ƙirji. A lokacin ina ce wa abin haushi. Yanzu na san kewa ce, kuma ta ci ni ƙwarai.

Ranar da na je Managil, maganin feshi na je nema. Na gama ina neman motar komawa sai na bi ta gaban wani mai tebur da ke sayar da kayan waya, mutum mai furfura a gemu, ya tara ƙananan kwalaye duk sun yi tabon ruwa. Da ya ji na yi wa wani magana da Hausa sai ya washe baki.

"Ya hajj, zaka ka gani. Tahfid na, rabin kuɗi. Ruwan sama yad dake kwalayen cikin sito, amma abin ciki lahiya lau."

Na ce ba na sauraren waƙa.

"Wagga ba ta waƙa kaɗai ba ta. Tana da roba, tana toshe kunne gam. Ko injin niƙa na gabanka ba ka jin shi. Jarraba, ba ka biyan komi."

Duk masu kyaun launi an kwashe, saura ruwan hoda, irin wanda 'yan mata ke so. Na ce masa da gemuna zan sa wannan? Ya ce ai shi ya sa ya ƙara rage mini. Ya zaɓo 'yan robobi daidai kunnena, na cusa su kamar yadda ake toshe kwalbar man riɗi. Nan take kasuwar Managil ta ja baya. Ga masu raksha, babur mai ƙafa uku, suna ta danna oda, ga mai kankana bakinsa a wangame, ga jaki yana miƙe wuya, amma duk abin da ke iso ni bai fi gunaguni ba. Na ji haɗiyar yawuna. Na ji bugun zuciyata. Ban taɓa sanin mutum yana da ƙara haka a cikinsa ba. Ko ciniki ban yi ba, na biya na sa a aljihu, ina jin kamar na yi wa Yaya wata babbar dabara.

Daga ranar ta zama mini kamar hula. In na dawo masallaci da safe sai in toshe kunne kafin a fara dakan gahawa. Wani lokaci in kunna karatun Alƙur'ani, wani lokaci ba na kunna komai, igiyar ma tana lilo a ƙirjina ba a jone ba. Ina dafa shayina, ina shara, ina gyaran igiyar gado, duk cikin shiru. Lokacin salla inuwar katanga nake dubawa, kuma ba sau ɗaya ba na rasa jam'i. Mutane suka fara cewa na yi girman kai, ana gaishe ni a hanya ina wucewa. Masu zuwa hira suka ragu, sannan suka ɗauke ƙafa. Na ce a raina hutu ya samu. Ƙarya nake yi wa kaina, domin sau da yawa da la'asar nakan zare ta kunne ɗaya, a hankali kamar ɓarawo, in saurara ko zan ji tarin nan, in na ji sai in mayar.

Bayan girbin alkama na ji ƙishin-ƙishin wai Yaya zai koma Dinder, wajen dangin matarsa, inda babban ɗansa ya sami gonar damina. Wanda ya gaya mini ya tsaya yana kallon fuskata. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na ci gaba da abin da nake yi. Ban yarda zai tafi ba. Wa ke barin ƙasar ubansa da furfura a kansa?

Wata Talata da hantsi ina zaune a rumfata ina ɓarar gyaɗar iri, na ba ƙofa baya saboda rana, karatu yana tashi a kunnena da ƙarfi. Na daɗe a haka, har kwanon ya cika. Da inuwa ta nuna azahar na zare samma'a zan yi alwala, sai na ji shirun bai tafi ba. Na sa yatsa na sosa kunne, na ɗauka robar ce ta maƙale. Babu kukan akuya, babu yara, babu ƙarar kwano. Na je jikin katanga na kara kunnena, abin da ban taɓa yi da rana tsaka ba. Iska kawai ke kaɗa wani buhu.

Na buɗe ƙofa. A jingine da ita ga babbar fartanyar Baba, wadda ake buɗe bakin ruwa da ita, wadda ta zauna wajen Yaya tun rasuwar Baba. A tsallaken layi kuma Gwaggo na zaune a ƙofarta, ƙanwar Baba ce, tsohuwa mai kaifin harshe. Ba ta bari na gaishe ta ba.

"Kai dai ba ka da kunya. Yayanka ya zaka, yat tsaya nan inda kake tsaye, yai maka sallama, kana zaune ka ba shi baya awa kututture."

"Gwaggo, wallahi ban ji ba."

"Ba ka ji ba? Ni da kunnena ɗaya ya mutu na jiya daga nan."

Na nuna mata igiyar ruwan hodar da ke wuyana. Ta dube ta, ta dube ni, ta tofar da yawu gefe.

A gidanmu Baba ya yi mana tarbiyya kan sallama da tsanani. Ka tsaya a ƙofa ka yi sau uku, in ba a amsa ba ka juya, ko kana hango mai gidan, ko gidan ɗan'uwanka ne. Yaya ya fi kowa riƙe wannan. Ƙofata ta kwano ce, gajera, mai tsayi irinsa yana ganin har cikin rumfa. Taku goma ne tsakaninmu, da ya shigo ya dafa kafaɗata da shi ke nan. Amma ni da bakina na ce kada ƙafarsa ta taka, kuma shi mutum ne da ba ya ƙetare magana.

Na ce, "Sau uku ya yi ya tahi ke nan."

"Huɗu," in ji Gwaggo. "Ni na ƙidaya. Yai ukku, yaj juya, yai taku kaɗan, yak komo yai ta huɗu. Tun da nike ban taɓa ganin ɗan gidanku ya yi ta huɗu ba. Sannan ya aje hauyar ga, yac ce in hwaɗa maka ruwan duka naka na yanzu, ka noma har nashi ɓangaren."

Motarsu ta tsaya ne can bakin gadar tur'a saboda layinmu matsattse ne, da keken jaki aka yi ta kai kaya tun safe. Na ruga har gadar, da igiyar tana dukan ƙirjina. Sawun taya kawai na samu.

Na yi kuka ranar, a bayan katangar da na gina, ni kaɗai, babu ko wanda zan ji kunyarsa. Na karɓi lambarsa wajen wani, domin wadda ke wayata na goge ta tun shekarar rigima. Na kira ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake washegari, haka. Ban sani ba ko rashin sabis ne a can, ko yana kallon wayar ne yana barinta. Ban ga laifinsa ba. A wajensa, ya zo da girmansa ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ƙaninsa kuma ya ƙi ko waiwayowa.

Na yi wa ɓangarorin biyu ban ruwa a zagayen da ya biyo, ruwa har ya yi mini yawa. Samma'ar na rataye ta a ƙusa, ba ta da sauran aiki, gidan ya fi ta iya shiru. Na yi wata ɗaya da 'yan kwanaki ina cewa gobe. Sannan wata safiya na sa ta a aljihu, don in nuna masa shaida, na hau mota zuwa Dinder, da sauyin mota biyu da tambaya a hanya.

Da la'asar aka nuna mini gidan, dangar kara da ƙofar buhu. Ta saman dangar na hango shi zaune a kan gado ƙarƙashin bishiya, ya ba ƙofa baya, yana murza igiya. Ya rame. Ƙeyarsa ta zama ta Baba.

Na yi sallama. Bai motsa ba. Na sake, da ƙarfi, har wata akuya ta ɗago kai. Hannunsa ya tsaya da murzar igiya, amma bai juyo ba. Na yi ta uku. Shiru. Babu komai a kunnensa, na duba da kyau.

Na tsaya da jakata a hannu, tarbiyyar Baba tana ce mini in juya. Na juya ɗin, na yi taku biyar zuwa wajen hanya. Sannan na dawo na tsaya daidai inda na bari, na ce, "Yaya, assalamu alaikum."

Ya yi tarin nan, gajere sau biyu, ya gyara murya.

"Wa alaikumus salam," ya ce, har yanzu bai juyo ba. "Shigo. Tun ta hwarko na ji ka."