Isiyaku Mai Ƙwanƙwasa Faranti

Ranar Talata, sha biyu ga Sha'aban, wato sha ɗaya ga Fabrairun 2025, da hantsi, ina kan titin Ulaya a Riyad cikin motar kamfani abokinmu Mamane ya kira ni ya ce Malam Isiyaku ya cika. Allah Ya ba mu aronsa, Ya karɓi abinSa, kuma can muka nufa mu duka. Na tsaya a inda ba a tsayawa na yi ta kuka, har Ba'indiyen da na ɗauko ya miƙo mini hankici.

Malam, shekara ashirin da shida kana tuƙa dattijo guda, kafil ɗinka, wanda zamanka a ƙasar nan yake hannunsa. Ranar da na sauka Riyad ban san gabas ba ban san yamma ba, kai ka ba ni katifa a ɗakinka na unguwar Utaiƙa, ka koya mini hanyoyi. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, kai ka dama mini kunu, wanda har yau ban sha mai gudaji irinsa ba. Na shanye saboda kunyarka.

Amma duk wanda ya san ka, da karta ya san ka. A wurin direbobin Filifin ka koyo wasan foka kuna jiran iyayen gida, ka kawo mana shi ranar Juma'a bayan an sauko an ci shinkafar kabsa. Uwais, ɗalibin shari'a da ke maƙwabtaka da mu, ya ce wannan ai caca ce. Ka juye gwangwanin ƙwallon dabino a gabansa, ka ce ya kai kasuwar Utaiƙa, in aka ba shi ko albasa ɗaya a madadinsu za ka ƙona katin. Da ƙwallayen muke yi, wanda nasa suka ƙare shi ke wanke tukunya. Uwais bai taɓa karɓar kati ba, sai dai ya zauna bayana da littafi yana tsaki duk lokacin da na yi wauta.

Naka wasan mai iyaka ne. Ba a zuba fiye da ƙwallo biyu a lokaci guda, don haka ba a tsorata mutum da tuli, sai dabara. In layi ya zo kanka, ko ka zuba, ko ka ƙwanƙwasa faranti alamar ka bar wa na gaba. In na gaban ya zuba, layi ya dawo, kana iya ƙarawa a kan nasa. Nan ka fi kowa mugunta. Ka sami kati mai kyau sai ka ɓata fuska kamar an ce an kama motarka, ka ƙwanƙwasa a hankali. Ni kuwa, Lado mai zafin kai, ina hagunka, sai in zuba. Sauran su bi ni. Sai ka gyara zama ka ce, "Lado, na ƙara biyu." Shekara bakwai kana yi mini haka ban taɓa ganewa ba sai ƙwallayena sun bar hannuna. Tukunyar nan ta san ni fiye da yadda matata ta san ni.

Ka sha faɗa mana cewa ba katinka kake kallo ba, mutumin da ke biye da kai a layi kake kallo. In mai rawar hannu ne irina, ka yi shiru ya zuba maka. In mai tsoro ne, ka zuba da kanka, domin in ka ƙwanƙwasa shi ma zai ƙwanƙwasa, a buɗe sabon kati kyauta, wataƙila wanda zai kashe ka. Sau ɗaya ka manta da wannan. Kana riƙe da sarki uku, ya rage kai da Mamane, mutumin Maraɗin da ko gishiri zai saya sai ya kwana yana shawara. Ka ƙwanƙwasa, ya ƙwanƙwasa. Ka sake, ya sake. Katin ƙarshe ya faɗo nasa. Ranar ka wanke tukunya kana mita, muka ɗauke ka hoto.

To Malam, yau zan faɗi abin da ya tsaya mini a rai, ka yafe mini. Shekara uku da suka wuce ka ce ka gaji, gida kake so. Ka gama gini a Gusau, matarka Hajiya Safiyatu tana jira, jikokinka biyu na wajen 'yarka Kamila a waya kawai suka san ka. Ka sayi akwati biyu ka cika. Abin da ya rage takardar fita ta ƙarshe daga kafil. Muka ce ka je ka tambaya, ka ƙi. Ka ce in kai ka fara magana, hannu rabbana za ka tafi. Amma in dattijon ne ya fara cewa ka tsufa ka je ka huta, sai ka ƙara masa da sharaɗin ya ɗauko ɗanka Amir ya maye gurbinka. Na ce maka, "Malam, tsohon nan fa Mamane ne, ba Lado ba." Ka yi dariya ka ce yaro ne ni, ka karanci mutumin tun ban iya tuƙi ba.

Haka kuka yi ta yi. Kullum safiya ka buɗe masa ƙofa, ku gaisa, ka tuƙa shi, ka dawo da shi. Shekara uku babu wanda ya ce uffan.

Ranar da ka cika, bayan la'asar aka yi maka salla, aka binne ka a nan Riyad. Dattijon ya zo da sandarsa, ya riƙe hannuna. Ya ce tuntuni ya san kana son tafiya, domin ya ga akwatunan a but ɗin mota ranar da ka sayo su. Ya ce, "Wallahi da ya tambaya, ranar zan sake shi, ɗan nasa ma in ɗauko. Na yi shiru ne don kada ya tafi. Ni ma jira nake ya fara."

Allah Ya gafarta mini, a maƙabarta dariya ta kuɓuce mini, sannan kukan da ya biyo baya ya fi na cikin mota. Na ji haushinka, Malam, har yanzu ina ji. Kai ka koya mana abin nan, kai kuma ka zauna gaban mai shiru ka yi shiru.

Shekarata huɗu ban ga mahaifiyata ba, ina jiran kamfani su tuna da hutuna. Ranar Lahadi na shiga ofis tun manajan bai zauna ba, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya sa hannu. Bayan Salla zan tafi, kuma ni zan kai akwatunanka Gusau.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya sa Aljanna ce gidan da ka isa. Hajiya Safiyatu, Amir, Kamila da 'ya'yanta, Allah Ya ba ku haƙuri. Ku sani tun shekara uku ya ɗaure kayansa, wurinku ya nufa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.