Robobin da Aka Riƙa Aiko Mini Ina Jinya

Na manta abubuwa da yawa daga zamana a kamfanin roba na Sharaɗa, har fuskokin wasu ogannin sun ɓace mini. Amma wannan abu guda, ko na tsufa haƙora sun zube, ba zai bar kaina ba.

A shekarar da inji ya kama mini hannun dama, na daɗe a gida a Na'ibawa ina jinya. Ciwon bai dame ni kamar zaman ba, har sai da na haddace duk wata tsaga da ke jikin bangon ɗakina. Abokan aiki sun yi ta zuwa dubiya, wannan da lemo, wancan da ayaba. Mutum ɗaya ne bai zo ba, kuma shi na fi sa rai da shi: wani mutumin Damagaram da muka shaƙu tun zuwansa Kano. Sai na ji wai shi aka ɗora a kan injina. Na ce Allah ya sa alheri, amma gaskiya raina ya sosu.

Ana nan, wata rana mai adaidaita sahu ya yi sallama, ya miƙo leda, ya ce saƙo ne daga mutumin Damagaram. Na buɗe da hannun hagu. Roba ce, irin dunƙulen da ke zubowa daga bakin inji idan ana canza launi, wanda muke sharewa mu zuba a buhu. Amma wannan an yi mata aiki. An lanƙwasa ta, an huhhuda, an goge har tana ƙyalli, ja ya kutsa cikin shuɗi. Ita ba kofi ba, ba buta ba, ba abin wasan yara ba. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, ban ma san ina ne saman ba.

Matata ta leƙo ta ce, "Baban yara, wannan kuma mene ne?"

Na ce, "Ni kike tambaya?"

Daga nan saƙon bai yanke ba. Wata ta zo kamar bishiyar da iska ta kwantar, wata kuma matata ta rantse hanjin rago ce. Ba bayani, ba gaisuwa. Don rashin wurin ajiya na jera su a taga. Sai na lura idan la'asar ta yi, rana kan ratsa su, launuka su zubo a bango suna tafiya a hankali. Ikon Allah! Ni da gemuna, sai ga ni ina jiran la'asar. Har canza musu wuri nake yi don in ga yadda hasken zai fito. Ban san me nake kallo ba, amma idan ina kallo nakan manta da hannun.

Rannan yayana ya zo duba ni, idonsa ya sauka a taga. Ya ce, "Innalillahi! Kai anya kana da hankali? Mutum ya gaje maka inji, ya ƙi zuwa ya ganka, yana aiko maka da waɗannan, kai kuma ka jera su kamar kayan amarya? Sammu ne wannan. So yake hannun nan kada ya warke."

Kaina ya ɗaure tamau. Maganar Yaya ta zauna daidai, ba inda zan kama in ce ƙarya ce. Ranar ma sai na ji hannun ya fi kullum zugi. Amma kuma na san mutumin nan, ko kaza ba ya iya yankawa. Matata ta kwashe robobin da tsumma, don ko taɓa su ba ta so, ta kai bayan ɗaki. Yaya kuma ya ce zai tara mutane su tare mutumin a ƙofar kamfani. Baƙo, ba dangi a garin, a kira shi mai sammu a gaban ma'aikata? Ko ba a taɓa jikinsa ba, sunansa da aikinsa sun tafi. Na roƙi Yaya ya dakata, na aika wa mutumin cewa don Allah ya zo gida.

Ya zo washegari, ya tsuguna a tsakar gida, ya ƙi kallon hannuna. Yaya ya zazzage robobin a gabansa ya ce, "To, faɗa mana. Mene ne wannan?"

Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Wallahi Yaya, ni ma ban sani ba."

Yaya ya dube ni ya ce, "Ka ji ko!"

Ni dai na ƙara rikicewa. Wanda ya yi abu bai san abin da ya yi ba? Sai mutumin ya shiga bayani a hankali. Ya ce ya daɗe yana yi, ba wanda ya koya masa. Idan robar ta zubo da ɗuminta, sai ya ga kamar tana son ta nufi wani waje, shi kuma ya bi ta. A gida yake zafafa ƙusa a wuta ya ƙarasa aikin da ita. Ƙarƙashin gadonsa a Zawaciki cike yake da su. Ba ya sa musu ido ko baki, don ya ji malamai sun hana ƙera abu mai rai.

Na ce, "To me ya sa kake aiko mini?"

Ya ce, "Kunya ce ta hana ni zuwa. Ta yaya zan tsaya a kan injinka da safe, da yamma in zo in kalli hannunka? Kuma ba a gaida mara lafiya hannu rabbana. Na ce kana zaune a gida, ka samu abin kallo. Kai ne na farko da na taɓa nuna wa."

Sai a lokacin ya lura da fuskar Yaya, da yadda matata ta raɓe nesa da kayan. Na ga sanda ya gane abin da ake zarginsa da shi. Bai yi faɗa ba, bai rantse ba. Ya fara tattara robobin a gaban rigarsa. Ya ce, "Ku yi haƙuri. Zan ƙona su, har da na gida."

Na cafke wuyan hannunsa da hagu na ce, "Ajiye su. Nawa ne, ka riga ka ba ni." Yaya ya miƙe yana kaɗa kai, ya ce mu biyun duk muna bukatar addu'a.

Hannuna ya warke, zumuncinmu kuma bai yanke ba. Amma bai sake aiko ko ɗaya ba. Da na matsa masa daga baya, sai ya ce yanzu idan roba ta zubo, shara kawai yake gani. Wannan maganar har yau tana ci mini rai.

Abin da na koya shi ne, idan ka ga abin da ba ka gane ba, ka tambayi mai shi kafin ka sa masa suna. Nasa abin, a gidana aka sa masa suna sammu, kuma tun daga ranar bai sake yin wani ba.