Ranar da Tsaye Ta Zauna

Shekara ashirin da shida ƙanwata tana girki a wata masaƙa, kuma babu mahaluƙin da zai ce ya taɓa ganin ta a kan kujera. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba mata Tsaye. Ni dai tun tana yarinya nake cewa da ƙaya a zanenta.

Tukwane huɗu take juyawa, kowace za ta ɗauke ni har da jikokina. Da safe ba ta karyawa, sai shayi baƙi ƙirin. Daga nan sai ɗanɗane, ludayi nan, ludayi can, da zafinsa da barkononsa, a kan cikin da babu komai. In mutum ɗari biyu sun ci sun watse, sai ta kankare ƙanzo mai maiƙo ta haɗiye ba tauna, hannu ɗaya na cikin ruwan wanke-wanke. Ruwa kuwa ba ta sha, wai banɗaki da nisa, kafin ta dawo miya ta kama. Tana isa gida ta baje a gado.

To, ciki ba jaki ba ne. Ya fara da ƙwannafi, ya koma kumburi da gyatsa mai tsami, har takan yi kwana uku ba ta zagaya ba. Maganinta ta ƙara tamke zane.

'Yarta, malamar makaranta, ta ja ta asibiti. Likita ya duba bai ga wata muguwar cuta ba, sai ya tambaye ta yaushe rabonta da cin abinci a zaune. Ta yi tunani ta ce tun jegon wannan da ta kawo ta. Ya ce ta riƙa ci a kan lokaci, kaɗan-kaɗan, ta tauna, ta sha ruwa, ta ƙara ganye, kada ta kwanta da abinci a wuya. 'Yar kuwa abu ɗaya ta jiyo, wanda likita bai ma faɗa ba: uwarta ta bar aiki. Ta zagaya ta samu manaja, suka shirya ƙarshen wata za a sallame ta ta huta.

Ƙanwata ta zo mini tana huci. Ta ce in aka raba ta da tukwanen nan, gara a haƙa mata rami. Na ce, "Ke kin ciyar da gari, cikinki ne maraya. Ba manaja ne abokin faɗanki ba, kujera ce." Na jawo mata kujerar marigayi mijina. Shi bai taɓa tashi daga kanta ba, don haka ta san aikinta.

Ran Litinin ta ɗora kujerar a ka har masaƙa. Saura rabin awa a kaɗa ƙararrawar rana, ta zuba abinci a faranti, ta ajiye kofin ruwa, ta zauna daram a tsakiyar ɗakin girki. Manaja ya leƙo, yaro ne da ta haifi sa'ansa.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Abinci nake ci. Ka taɓa gani?"

Ya fara kame-kame, wai 'yarta ta ce jiki ya gaji. Ta haɗiye lomarta tukuna.

"Ita ta ɗauke ni aiki? Ciki ne ke ciwo, ga shi ina lallashinsa. Hannuna ƙalau. In korata za ka yi, tsaya in gama taunawa."

Ya tsaya kuwa. Ita ko ta yi ta taunawa kamar saniya a inuwa. Ƙararrawa ta kaɗa, ma'aikata suka yi layi a taga, suka hango ta a zaune. Wani tsohon masaƙi ya ce a bar ta, in layin zai kai la'asar su za su jira. Manaja ya dubi layin, ya dubi tukwanen da babu wanda ya san kansu sai ita, ya sulale ofis. An raba abinci da jinkirin minti goma, ba wanda ya mutu.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, ba a sake tayar da maganar ba. Yanzu bakin cokali take ɗanɗanawa, gorar ruwa na rataye kusa da murhu, kuma in ta tashi aiki a ƙafa take takowa gida. Cikin ya lafa, sai ranar da ta saci ƙanzo, ran nan kam har gidana nake jin gyatsarta. 'Yar ta yi fushin sati biyu ta sauko.

Kwanan baya na aika a karɓo mini kujerata. Ƙanwar tawa ta ce a gaya wa Yaya tana kai.