Sunan Kakata a Littafin da Ban Karanta Ba

A ƙauyenmu, yamma da Tibiri, ba zama muke yi mu saurari tatsuniya ba, shiga cikinta muke yi. Da an gama cin tuwo, Kaka Hassu, mahaifiyar innarmu, takan zauna bakin murhu, ta tura kara a wuta, ta raba mana mutane: kai maharbi ne, ke mai tallan nono, kai makaho mai jin maganar tsuntsaye. Ita kuwa ita ce daji, ita ce kasuwa, ita ce duk wanda muka gamu da shi a hanya. In ka ce za ka tsallake kogi, sai ta watsa ɓawon gyaɗa huɗu a ƙasa. Uku suka kife, ka tsallake. In ba haka ba kada ya ja ka, ka koma gefe kana kallo sai gobe. Da yake mijinta take ce mini, na ɗauka za ta riƙa yi mini sassauci. Ban san sau nawa matar nan ta bar kada ya cinye ni ba.

Kowa yana da damar ƙara wani abu a dajin nata, amma sai ya fara kai mata da rana, tana ɓarar gyaɗa tana ji. Yayata Rabi ta kawo rijiya mai amsa tambaya, aka gwada dare biyu, aka karɓa. Ni na kawo dodon da ba ya mutuwa. Kaka ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Mi shika ci? Wa shika tsoro? In ba a kashe shi, ƙannenka su zamna su dube ka ke nan? Tahi ka gyaro, maigida."

Doka ɗaya ce ba ta taɓa lanƙwasawa ba: ba a sa sunan mutum na gaske, ba a sa sunan iska.

Akwai tatsuniyar da takan yi ba tare da gyaɗa ba, ranar da muka cika musu. Wata mai ginin tukwane ce, duk tulun da ta gina sai ta danna babban yatsanta sau uku a wuyansa, matafiya kuwa ba su sayen tulu sai sun ga wannan shaida. Da tsufa ya zo mata, maƙwabta suka riƙa kawo nasu ɗanye ta danna musu, suna ba ta itace. Tun tana ƙwanƙwasawa ta ji amo, har ta koma dannawa tana hira. Wani tulun da bai gasu ba ya fashe wa wani matafiyi a tsakiyar daji, ƙishirwa ta kashe shi. Danginsa suka tsinci wuyan tulun, suka zo ƙofarta. Mukan ce ai ba ita ta gina ba. Kaka takan ce, "Yatsan wa aka ishe?" Ta tura mu kwanciya.

Na girma na zama mushen lakwal, wato malamin makaranta, a Yamai. Bayan rasuwar Kaka na mai da wasan nata littafi mai dokoki da katuna, na sa masa sunanta, har na rubuta sunan ƙauyenmu a gabatarwa, wai ina girmama ta. Wasan ya karɓu. Samari a Doso da Dogon Dutsi suka riƙa zama kan tebur suna yi. Sai wasu suka fara neman izinin buga ƙananan littattafai na ƙari, sababbin garuruwa, sababbin dodanni, da hatimina a bango. Na farko-farkon na karanta su, har na tara ƴan ajina muka gwada. Daga baya kai ya kumbura. A turo mini ta waya, in dubi bango, in ce a buga.

Wani saurayi da bai taɓa taka yankinmu na Arewa ba ya rubuta nasa, na ce a buga ban buɗe shi ba. A ƙarshen labarin, tsohuwar da ke yi wa ƴan wasa jagora, Hassu, sai ta bayyana mayya ce mai cin kurwar yara. A wurinsa dabara ce ta ba mai wasa mamaki. A wurinmu kuwa cewa ake yi a nono ake shan maita, daga uwa zuwa ɗiya.

Rabi fura take sayarwa a tashar Tibiri. Masu saye suka fara ragewa, ba ta san dalili ba. Sannan ɗan maƙwabciyarta ya kwanta da zazzaɓi, uwar ta shimfiɗe shi a ƙofar Rabi, ta ce sai Rabi ta tsallake shi, kamar yadda ake sa wadda ake zargi ta yi don ta saki kurwa. Jama'a sun taru. In ta ƙi, a ce ta riƙe yaro. In ta yi, ta amsa. Yayata, mace mai ƴaƴa biyar, ta tattare zane ta tsallake.

Na janye littafin, na ƙona abin da na samu, na hana hatimi. Hotunan shafukan suna nan cikin wayoyin mutane. Na daɗe ina zagin saurayin nan, kuma har yau ba na ƙaunar jin sunansa, amma shi bai san Kaka ba. Ni na zauna bakin murhunta shekara goma, na ji komai, na haddace komai, abin da na kasa shi ne karanta shafi ashirin. Ina jin kunya, kuma ban ga ranar da za ta wuce ba.

Da na je neman gafara, Rabi ba ta yi faɗa ba. Ta kawo mini ruwa, ta ce ita dai ta bar tasha. Autarta, wadda ba ta riski Kaka ba, ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta tambaye ni a hankali ko da gaske kakarmu tana cin yara. Na ce ƙarya ce, wallahi ƙarya ce. Ta dube ni.

"To kawu, don mi ka sa hannu?"